Ga rana har ta yi yawa, to me ke lanƙwasa ƙafafun yaranmu? Fashin baƙi kan kalsiyam da bitamin D

Duk wanda ya karanta abin da likitocin Turai suka daɗe suna rubutawa kan ciwon da ke lanƙwasa ƙafafun ƙananan yara, wanda a asibiti ake kira rikets, zai ɗauka mu ba ruwanmu da shi. A wurinsu ciwo ne na rashin rana. Wani likitan Ingila, Francis Glisson, ya yi masa cikakken bayani tun 1650, kuma da masana'antu suka turnuƙe biranen Birtaniya da hayaƙin kwal, sai ciwon ya zama ruwan dare tsakanin 'ya'yan talakawa, saboda suna tashi a lungunan da rana ba ta leƙawa. A 1919 Edward Mellanby ya nuna cewa man hantar kifi yana warkar da shi a jikin karnuka. A shekarar dai, Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Jamus ta hanyar haska musu wata fitila mai fitar da irin hasken rana. Zuwa 1922 Elmer McCollum ya raɗa wa sinadarin suna bitamin D. Daga nan aka tsayar da magana: in ka ga rikets, ka ba da bitamin D.

To amma ga yaro a Jos ko a wani ƙauyen Kaduna, tun safe yana tsakar gida daga shi sai ɗan kamfai, rana na dukansa har la'asar, kuma ƙafafunsa sun yi baka, ko gwiwoyinsa sun haɗe ya zama gwame. Wannan ba wanda zai ce masa rana ya rasa. Abin da ya rasa yana cikin kwanon abincinsa ne, kuma kafin a gane hakan sai an san yadda ƙashi ke tsawo.

Ƙashin yaro ba daga tsakiya yake ƙaruwa ba. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi, wajen gwiwa da wuyan hannu da idon sawu, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. Nan ake ƙara tsawo. Guringuntsi ya tsiro sabo, sai kalsiyam da fosfet, wasu sinadarai biyu da ake samu daga abinci, su zo su zauna a cikinsa, ya sandare ya zama ƙashi. Idan ba su iso ba, guringuntsin ba ya fasa tsirowa, sai dai ya taru ya yi kauri babu ƙarfi. Shi ya sa in ka kama hannun yaro mai rikets ka murza wuyan hannun da babban yatsa, za ka ji ya yi faɗi ya yi tudu, alhali ba kumburin ruwa ba ne kuma ba targaɗe ba ne. Haka idan aka ɗaga rigarsa, akan ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle jere a ƙirji, daidai inda haƙarƙari ya haɗu da guringuntsi. Ranar da ya miƙe ya fara ɗora nauyin jikinsa kan wannan ƙashi mai laushi, ƙafa ba ta da zaɓi sai ta lanƙwashe.

Kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙora. Ɗan ragowar da ke yawo a jini kuwa jiki ba ya wasa da shi, don da shi zuciya ke bugawa, da shi jijiyoyi da tsoka ke aiki. Da zarar ya fara raguwa, wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi huɗu da ke cikin wuya sai su saki wani sinadari da zai je ya yago kalsiyam daga ƙashi ya zuba a jini, ya kuma sa ƙoda ta riƙa zubar da fosfet a fitsari. Wato jiki ya gwammace ƙashi ya lalace da zuciya ta tsaya. Wannan ne dalilin da ya sa za a iya gwada jinin yaro a ga kalsiyam ɗinsa bai faɗi sosai ba, alhali ƙashinsa ya daɗe yana biyan bashin.

Shi bitamin D ba shi ake gina ƙashi da shi ba. Hasken rana ne ke taɓa fata ya samar da shi, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta kammala shi, sannan ya je hanji ya yi aikinsa, wanda bai wuce na ɗan dako ba: ya ɗauko kalsiyam daga abinci ya shigar da shi jini. In ba shi, hanji ba ya tsotsar fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kalsiyam ɗin da aka ci, in kuwa yana nan sai abin ya kai kashi 30 zuwa 40. Yaran Turai na zamanin hayaƙi suna da kaya, ɗan dako ne babu. Namu da yawa ɗan dakon na nan tsaye, kayan ne ba su zo ba.

Ba daga wajen Afirka aka kawo mana wannan bayani ba. Likita John Pettifor ya fara nuna shi a kan yaran karkara a Afirka ta Kudu a 1978, amma gwajin da ya sa duniya ta sake lale a Jos aka yi shi. Likita Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun tattara yara 123 masu rikets, suka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu allurar bitamin D kawai, na biyu aka ba su kalsiyam miligiram 1,000 kullum, na uku aka haɗa musu biyun. Bayan makonni 24 aka sake ɗaukar hoton ƙashi da gwajin jini. A cikin masu shan kalsiyam kaɗai, kashi 61 cikin 100 sun kai matakin warkewa, masu haɗin biyu kashi 58, masu bitamin D kaɗai kuwa kashi 19 tak. An buga sakamakon a 1999. Da aka lissafa abin da yaran ke ci, sai aka ga kalsiyam ɗin da suke samu a rana bai wuce miligiram 200 ba, alhali abin da hukumar likitoci ta Amurka ta ƙayyade wa ɗan shekara 1 zuwa 3 shi ne miligiram 700, ɗan shekara 4 zuwa 8 kuma 1,000.

Akwai wani abu a binciken da bai kamata a tsallake shi ba. Yaran unguwa masu lafiyayyun ƙafafu da aka kwatanta da su, su ma kusan miligiram 200 ɗin suke ci. Ke nan ƙarancin kalsiyam shi ne tushe, amma ba shi kaɗai ke kayar da yaro ba. Jikin da ke fama da ƙarancin kalsiyam yana ƙone bitamin D ɗinsa da sauri, don haka ɗan abin da zai ishi wani yaro ba zai ishi wannan ba. Likitocin na Jos sun sake komawa kan batun, kuma a sakamakon da suka fitar a 2014, yaran da aka haɗa wa kalsiyam da bitamin D sun warke da kashi 67, waɗanda aka ba kalsiyam zalla kashi 44. Saboda haka masu cewa tunda muna da rana bitamin D shirme ne, su ma sun wuce gona da iri.

A ganina, lokacin da ya fi hatsari a rayuwar ƙashin yaron Bahaushe shi ne yaye. Muddin yana kama nono, yana samun kalsiyam mai sauƙin shiga jiki. Ranar da aka cire shi, wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, sai abincinsa ya koma na manya: koko da safe, shinkafa da mai da yaji ko ɗanwake da rana, tuwo da dare. Ciki ya cika, ba yunwa yake ji ba, wani ma har da ƙiba. Amma masara da dawa da gero da shinkafa duk ba su da wani kalsiyam na a zo a gani, kuma a cikin dusar hatsi akwai wani sinadari, fayitet, mai kama ɗan kalsiyam ɗin da ya samu ya hana hanji tsotsarsa. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, irin yadda ake yin kamu, yana rage wannan sinadari, amma ba ya ƙirƙiro kalsiyam ɗin da babu. Kuma wannan ya faɗo daidai lokacin da yaro ke guje-guje, ƙashi na tsawo, buƙata ta ƙaru.

Abin takaicin shi ne ƙasarmu ƙasar shanu ce. Kofi ɗaya na madarar shanu, mililita 250, yana ɗauke da kalsiyam kusan miligiram 300. Yi lissafi: yaron da ke samun 200, aka ƙara masa kofi guda, ya kai 500. Wannan 500 ɗin kuwa ita ce iyakar da taron ƙwararru na duniya kan rikets ya amince da ita a 2016 a matsayin wadda ta wadatar ga yaron da ya haura shekara, ƙasa da 300 kuma suka ce rashi ne ƙarara. Nono da kindirmo da cuku duk suna wannan aiki, in dai ba a tsinka nonon da ruwa har ya koma suna kawai ba, kuma an tafasa madarar kafin a ajiye ta ta yi tsami, don ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka da wasu cututtukan shanu. Shayin da aka barbaɗa wa ɗan cokalin madarar gari don ya sauya launi ba ya cikin lissafi. Madarar shanu dai ba ta zama abin shan jaririn da bai cika shekara ba.

Wanda madara ta fi ƙarfin aljihunsa, bai rasa mafita ba. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa har ƙayarsu a zuba a miya ko faten yaro suna da kalsiyam sosai, domin a ƙayar yake. A Jos ɗin dai an gwada garin kifi a kan yara masu rikets, aka kwatanta shi da garin dutsen farar ƙasa, kuma sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna duka biyun sun warkar. Sai dai wannan dutse an tantance shi a ɗakin gwaji kafin a ba yara. Kada wani ya ji haka ya daka dutse ko ƙasa ya ɗura wa ɗansa, ba mu manta da gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba, kuma yaron da ke da ƙarancin kalsiyam hanjinsa ya fi saurin tsotsar dalmar. Kuka tana cikin ganyayen da suka fi kalsiyam, haka zogale, haka riɗi wanda ba a cire wa ɓawo ba. Tamba, wadda ake nomawa a Filato da kudancin Kaduna, ta fi sauran hatsinmu kalsiyam nesa ba kusa ba, kuma kununta yana da daɗi. Alayyahu yana da shi, amma yana tare da wani sinadari da ke riƙe kaso mai yawa. Kanwa kuwa, duk da farinta da matsayinta a kunun mai jego, mafi yawanta dangin gishiri ne, ba ta gina ƙashi.

Duk wannan labarin yaron da aka yaye ne. Jariri kuma lissafinsa ya juya. Shi kalsiyam bai dame shi ba: buƙatarsa a rana miligiram 200 ce a wata shida na farko, 260 daga nan zuwa shekara, kuma nonon uwa da abincin da ake fara ba shi bayan wata shida suna biyan wannan. Bitamin D ne nonon uwa ba shi da shi da yawa, ko da uwar lafiyarta ƙalau. Jariri yana zuwa duniya ne da guzurin da ya ɗebo daga jikin uwarsa, in ita ba ta da shi, shi ma hannu rabbana ya zo. Sannan ya shafe kwana arba'in a ɗaki, bayan haka in za a fita yana goye an lulluɓe shi da zani ko hijabi. Gidajen haya na birni da yawa ba su da tsakar gida, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya samar da bitamin D. Baƙar fata ma ta fi fara buƙatar daɗewa a rana kafin ta samar da adadi ɗaya. Shi ya sa ake samun rikets a Saudiyya, inda rana ta fi tamu zafi.

Rashin bitamin D a jariri ba ya jiran a fara tafiya. Yakan zo da jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, ko yawan kuka da sanyin jiki, ko maɗiga ta ƙi rufewa har a wuce wata 18, ko jinkirin zama da haƙori, wani lokaci har zuciya ta raunana. Saboda haka taron ƙwararrun na 2016 ya ce a ba kowane jariri IU 400 na bitamin D kullum daga haihuwa zuwa wata 12, mai ciki kuma ta samu IU 600. IU shi ne ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalba, kuma 400 daidai yake da maikirogiram 10. Ba a ce a shanya jariri a ranar tsaka ba, fatarsa ba za ta ɗauka ba. Uwa dai ta samu zama a tsakar gida hannuwa a buɗe, cikin iyalinta, wannan bai saɓa wa sutura ba.

Ga 'yan uwa da ke zaune a Ingila da makamantanta, nan babu ja-in-ja. Daga Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta da ƙarfin samar da bitamin D ko a farar fata, balle tamu. Hukumar lafiyar ƙasar ta ce jariri mai shan nonon uwa a ba shi maikirogiram 8.5 zuwa 10 kullum, ɗan shekara 1 zuwa 4 a ba shi 10, sai dai jaririn da ke shan madarar jarirai ta gwangwani fiye da mililita 500 a rana, shi an riga an zuba masa a ciki.

Inda nake da ja shi ne al'adar nan ta shiga kemis a ce "a ba ni maganin ƙarfin ƙashi" don yaro mai lafiya, mai shan nono da cin kifi. An tattara gwaje-gwaje 19 da aka yi kan yara masu lafiya aka fitar da sakamako a 2006, aka ga ƙarin kalsiyam bai ƙara wa ƙashinsu wani abin kirki da zai hana karaya ba. A Mongoliya an ba 'yan makaranta sama da 8,000 ko dai bitamin D ko maganin da ba komai a cikinsa, mako-mako har shekara 3, kuma yawan karaya bai bambanta ba. Ƙari yana amfani ne ga wanda ya rasa. Ba ya sa yaro ya fi tsawon da Allah ya yi masa, ba ya sa shi tafiya da wuri.

Kuma yawansa na cutarwa. Bitamin D ba ya fita ta fitsari, taruwa yake a jiki. Birtaniya ta ga haka a shekarun 1950, lokacin da aka cika shi a madara da abincin jarirai, wasu jarirai suka riƙa zuwa asibiti kalsiyam ya yi musu yawa a jini. Alamunsa amai, ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida da ƙin abinci, in ya daɗe ya taɓa ƙoda. Iyakar da aka sa wa jariri ɗan ƙasa da wata shida ita ce IU 1,000 a rana, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma 2,500, in ba likita ne ya rubuta don magani ba. Wurin da ake yawan kuskure ƙaramin wuri ne: wata kwalbar IU 400 ɗinta a ɗigo ɗaya yake, wata kuma a mililita guda, wato cikin bututun awo. Uwar da ta saba da ta biyu, aka sauya mata da ta farko ba a yi mata bayani ba, za ta cika bututu ta ba jariri na kwanaki masu yawa a lokaci ɗaya. A tsaya a karanta, ko a ce wa mai kemis ya nuna da hannunsa. Haka ƙwayar kalsiyam: in an rubuta kalsiyam kabonet miligiram 1,250, ainihin kalsiyam ɗin ciki 500 ne, domin kashi 40 cikin 100 ne kawai na nauyin. Ana shanta da abinci, kuma a raba lokacinta da na maganin ƙarin jini, don tana hana sinadarin ƙarfe shiga jiki. Yawancin maganin ruwa na yara mai haɗin bitamin iri-iri kuwa kalsiyam ɗin cikinsa kaɗan ne ko babu, ba zai warkar da rikets ba.

Ba kowace lanƙwasa ce ciwo ba. Yawancin yara suna fara tafiya ƙafafu a ɗan buɗe, su daidaita wajen shekara biyu, su ɗan yi gwame a shekara uku zuwa huɗu, su miƙe kafin bakwai. Abin dubawa shi ne lanƙwasar da ke ƙaruwa bayan shekara biyu, ko ta fi yawa a ƙafa ɗaya, ko yaro yana kukan ciwon ƙafa yana ƙin tafiya, ko ya gaza tsaransa tsawo, ko ga kaurin wuyan hannun nan. Ba shan inna ba ne, ita takan zo farat ɗaya ta bar ƙafa a sake ta shanye. Ba kuma aikin mai ɗori ba ne, don ba abin da ya karye, ɗauri da kara ba zai sa ƙashi mai laushi ya yi tauri ba. Akwai kuma nau'in rikets na gado da wanda ciwon ƙoda ke jawowa, waɗanda nono da ɗigon kemis ba sa taɓa su. Hoton wuyan hannu da na gwiwa da gwajin jini ne ke raba gardama. A hoton, ƙarshen ƙashin mai rikets yakan fito a baje, bakinsa a tsattsage maimakon layi ɗaya mai kaifi.

Idan an tabbatar, magani aƙalla wata uku ne na bitamin D a adadin da likita ya yanka gwargwadon shekaru, tare da kalsiyam da bai gaza miligiram 500 a rana ba, kuma a Jos an ga miligiram 1,000 ya fi 500 saurin warkarwa. Ciwon ƙafa ne ke fara tafiya, sai hoton ƙashi ya gyaru cikin watanni, miƙewar ƙafa kuma takan ɗauki shekara ɗaya ko biyu ko fiye, domin da sabon tsawo take miƙewa. Ƙaramin yaro yana da sauran tsawo a gaba, don haka yawanci ba ya buƙatar wuƙa. Wanda aka bari ya girma da ita, wani lokaci sai an yi masa tiyata. Ga 'ya mace akwai ƙarin dalilin hanzari, domin rikets yakan matse ƙashin ƙugu, kuma wannan ba ya nunawa sai ranar naƙuda.